Anti Ramlatou da Lambar da Ke Jikin Ƙofa

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranakun Talata da Alhamis da Asabar, Anti Ramlatou takan kulle gidanta da ke unguwar Glenwood, ta girgiza ƙofar sau biyu don ta tabbatar, sannan ta gangara matsayar bas tana jan ƙafar hagu. Gwiwar nan ta daɗe da yi mata tawaye. A kafaɗarta akwai jakar cefane, a ciki da gorar ruwa, da dabino a ƙullin leda, da wata tsohuwar wayar tarho ta kan teburi, baƙa, mai murɗaɗɗiyar igiya, wadda ba a haɗa ta da komai ba. Takan sauka a babbar tashar bas ta cikin gari, ta taka zuwa wata cibiyar al'umma da ke bayan titin Elm, ta bi matakala goma sha huɗu zuwa ɗakin ƙasa. Nan ne ajin manya masu koyon Turanci, ajin farko, na waɗanda wasunsu ba su taɓa riƙe fensir ba. In an tashi da azahar sai ta sake hawa bas zuwa Sedgefield, inda take kula da wata tsohuwar Baturiya. Bas ba ya shiga can cikin unguwar, don haka da ƙafa take ƙarasawa.

Shekara goma sha tara tana haka. A watan Mayun da ya wuce aka rufe ajin.

Ba a yi taro ba, ba a dafa shinkafa ba, ba wanda ya miƙe ya ce uffan. Mu ne fa muke cika zaure mu yi ta jawabai har abinci ya huce don an karrama wani Alhaji da allon katako mai sunansa, amma ranar da matar nan ta tattara kayanta ta hau matakalar nan a karo na ƙarshe, mutum uku ne a bayanta. Abin ya tsaya mini a rai, kuma na ji kunya, don ni ma ba na cikin ukun. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai san dalilin wayar nan ba, bai san Anti Ramlatou ba. Daga Maraɗi ta zo, a shekarar 2001, ta iske mijinta Seydou yana aiki a wata masana'antar kujeru. Shekara biyu tana cikin gida, daga kicin sai gidan 'yan'uwa 'yan Nijar, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Wata ranar Asabar cikin Yuli, da tsakar rana, Seydou ya ci tuwo, ya miƙe zai wanke hannu, ya dafe ƙirji ya zube. Ta ɗauki wayar salularsa ta danna lambobi ukun nan na neman agaji, 911, don ya taɓa nuna mata. Wata mata ta ɗauka ta yi mata tambaya. Ramlatou ta gane cewa ana so a san inda take, sai ta yi abin da kowane Bahaushe zai yi, ta shiga kwatance. Bayan shagon Basudane, in ka wuce gida mai jar ƙofa, akwai babbar bishiya, gidan da 'yan Nijar suke. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da ɗan Faransancin da ta samu a firamare, tana nuni da hannu a cikin ɗakin da ba mai ganin ta. Matar tana ta maimaita tambaya ɗaya. Sai da Ramlatou ta fito titi ba ɗankwali, ta tare wata ɗalibar jami'a a kan keke ta danƙa mata wayar. Ɗalibar ta ɗaga kai, ta karanta lambar da ke jikin ƙofa, ta faɗi sunan titi. Motar asibiti ta zo cikin minti shida, amma ta iske gawa.

Lambar nan tana manne a ƙofar tun ranar da ta tare. Kullum sai ta gan ta, har goge ta take yi in tana share baranda. Ba ta san ita ake tambaya ba.

Da ta gama takaba 'yan'uwa suka ce ta koma gida. Ta ƙi. Ta shiga ajin manya tana da shekara arba'in da ɗaya, ta zauna a kujerar gaba, ta addabi malamar da tambaya har matar ta maishe ta mataimakiyarta. Bayan shekara uku aka ba ta ajin farko, wanda sauran malamai ke gudu saboda wahalarsa. A ranarta ta farko ta ajiye littafin da aka ba ta a gefe, ta ɗora baƙar wayar a kan teburi.

Ga yadda take yi. Kafin ka koyi sunan kala, kafin ka koyi ranakun mako, sai ka iya faɗin lambar gidanka da sunan titi da lambar ɗaki, da abin da ya faru, cikin numfashi biyu. Kuma ba a zaune cikin natsuwa ba. Takan sa ɗalibi ya hau matakalar nan ya sauko da sauri har sai yana haki, ta sa sauran 'yan aji su yi ta buga teburi da hayaniya, sannan ta miƙa masa kan wayar, ita kuma ta juya ta fuskanci bango. Ta ce mai ɗaukar kira ba ta ganin hannu, ba ta ganin an turo baki an yi nuni da shi. Daga nan sai ta sauya murya ta ce, "What is the address of your emergency?" Wato ina ne adireshin da abin ya faru. Ka yi inda-inda, ta ce ka koma matakala. Tsofaffi da masu ciki ne kawai take ɗauke wa hawan, su sai ta sa su tsaya da ƙafa, ta tsaya musu a ka.

Mutane sun yi ta ƙorafi. An ce ta cika faɗa, kuma gaskiya ne, tana da shi. Malam Lawal, mutumin Zariya da ke tuƙa babbar motar kaya, ya ba ni labarin haɗuwarsu. Matarsa Salwa ya kawo ajin, ya tsaya bakin ƙofa da makullin mota a hannu yana murmushin waɗanda suka yi boko.

"Na ce mata, Anti, wannan ai wahalar da mutane ne kawai. Yanzu fa waya da kanta take nuna location, kuma suna da masu fassara. Sai ta ce, kafin a samo mai jin Hausa minti nawa ne, Malam? Wayar za ta faɗi bene na nawa, ɗaki na nawa? Tun da kai ka iya, zo ka nuna musu. Na hau steps ɗin nan na sauko sau biyu, aji ya ɗau buge-buge, ta juya mini baya. Wallahi ni da na yi digiri, abin da ya fito daga bakina shi ne, kusa da gidan man nan da ke kwana. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki."

Bayan shekara huɗu, Lawal yana kan hanyar Tennessee, numfashin 'yarsu Afnan ya sarƙe da rana tsaka. Salwa ce ta kira. Ta ce ba ta ma san ta yi magana ba, bakinta ne ya yi da kansa, ita dai muryar Anti kawai take ji a kunnenta. Afnan tana aji uku a babbar sakandare yanzu, in ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci.

Fuskokin ajin ba su taɓa zama iri ɗaya shekara uku a jere ba. Da farko mu ne, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya da Sudawa, sai tsofaffin mutanen duwatsun Vietnam da suka riga kowa zuwa. Daga baya aka cika da masu jin yaren Nepal da suka yi shekara ashirin a sansanin gudun hijira, mata da jan ɗigo a goshi. Suka samu aiki suka watse, 'yan Kongo suka maye gurbinsu, sannan 'yan Siriya, sannan 'yan Afghanistan da suka zo rana ɗaya kamar an juye su daga buhu. Lawal yakan tsokane ta cewa ita ba ta buƙatar rediyo, duk inda aka yi yaƙi a duniya ta jira shekara biyu za ta gan shi zaune a ajinta da fensir. Ba ta jin yarensu, su ma ba sa jin nata. Amma ta lura da abu ɗaya, kusan dukkansu 'yan kwatance ne. Ɗan Kongo zai ce kusa da coci, 'yar Kabul za ta ce bayan mai burodi. Duk ta bi da su ta matakala.

Anti Ramlatou, ke ce kika ɗauki ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarki kika mai da ita darasi, kina maimaita ta sau uku a mako, kina fuskantar bango don kada a ga idonki. Mun ɗauka dabarar koyarwa ce kawai. Sai Nanret, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato da ke taya ki ran Asabar, ta gaya mini cewa ta sha zagayawa ta gabanki ta ga fuskarki jiƙe, muryarki kuwa ko rawa ba ta yi.

Abin da ya kashe ajin ya zo a hankali. Jiragen da ke kawo 'yan gudun hijira suka yi ƙaranci, har aka daina ganin sababbin fuskoki. Sannan labarin kamen marasa takarda ya cika gari, yau a ce an ɗauki wani a wurin aiki, gobe a ce a bakin kotu, ba ka san na gaskiya ba, ba ka san na ƙarya ba. Waɗanda takardunsu ba su kammala ba suka daina hawa bas in ba dole ba. Aji mai mutum talatin ya koma goma sha biyu, ya koma biyar. Masu cibiyar suka ce za a mai da karatun cikin waya, kowa ya koya daga gida. Anti ta ce musu mutanenta ba su iya karanta abin da wayar za ta rubuta musu ba, ai shi ya sa suke ajin farko. Aka saurare ta da ladabi, aka gode mata, aka sa ranar rufewa.

Amma ba rufewar ce ta fi ci mata rai ba. Cikin biyar ɗin da suka rage akwai Ousseina, 'yar Tawa, mace mai sanyin magana, wadda mijinta Djibrilla ke fama da hawan jini mai tsanani, ƙafafunsa a kumbure, ya taɓa faɗuwa sau ɗaya a wurin aiki. Zango uku Ousseina tana ajin. Ta iya rubuta sunanta, ta iya ranakun mako, tana karanta allon bas. Amma da an miƙa mata baƙar wayar sai ta faɗi sunanta, ta yi shiru. Anti ta yi lallashi, ta yi faɗa. Wata rana haƙurinta ya ƙare, ta juyo daga bango, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce mata a gaban kowa, "Ke so kike ki zama ni? Mijinki na kwance kina wasa da wannan?" Ousseina ta sunkuyar da kai. Saura mako biyu a rufe, Anti ta rasa sukuni. Gani take in aka kulle ƙofar nan matar nan ba ta iya ba, to duk shekarun nan aikin banza ta yi.

Ranar ƙarshe Ousseina ba ta zo ba.

Anti ta nemi uzuri a wurin aikinta, ta koma Glenwood da jakarta, don a unguwar Ousseina ma take. Ousseina ba ta taɓa yarda ta rubuta adireshinta a rajista ba, don haka da kwatance Anti ta gano gidan, a bakin wata mai kitso. Ta ƙwanƙwasa ta ƙwanƙwasa. Tana jin motsi a ciki, amma ba a amsa ba. Sai da ta yi sallama da ƙarfi ta faɗi sunanta, sannan aka buɗe kaɗan, sarƙa na maƙale.

"Tanti, ke ɗaya ce?" in ji Ousseina, don haka 'yan Nijar ke kiran ta.

"Ni ɗaya. Buɗe, ɗiyata, ƙahwata na ciwo."

Djibrilla na kwance a doguwar kujera, labule a sauke da rana tsaka. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ta, ta ce ya yi zamansa. Ta zaro wayar ta ɗora a kan teburin cin abinci.

"An ruhe lakwal yau," ta ce, tana nufin makarantar. "Ba ni tahiya sai kin hwaɗi. Ko za mu kai la'asar."

Ta juya ta fuskanci bango, ta yi tambayar. Ousseina ba ta ko taɓa wayar ba. Daga inda take tsaye ta faɗi lambar gidan, da sunan titi, da lambar ɗaki, ta ƙara da cewa mijinta ya faɗi, ba ya numfashi da kyau, a zo da sauri. Da Turanci tsaf, ba gargada, cikin numfashi biyu.

Anti ta juyo a hankali.

"Tun bara na iya, Tanti," in ji Ousseina. "Kullum ina hwaɗin shi in ina wanke-wanke. A cikin aji ne ba ni iya hwaɗi, ban san wa ke saurare ba. Kuma gaskiya, ko ya hwaɗi ba ni kira. Papiers ɗinmu sun ƙare tun watan azumi. An ce in motar likita ta zo, 'yan sanda na biye."

"Masu motar likita ba ruwansu da takardu. Rai suke zuwa ceto."

"Kin rantse, Tanti? Ki rantse mini ba abin da za ya biyo baya, ni kuma in kira."

Anti ta buɗe baki. Matar da ta yi shekara goma sha tara ba ɗalibin da ya taɓa ƙure ta, ta kasa rantsewa. A iya saninta gaskiya ta faɗa, amma rantsuwa a kan abin da zai biyo baya a wannan zamani, wa zai yi? Ta ce mini a ranar ta gane an sauya mata jarrabawar ba ta sani ba. Ita tana koya wa mutane su faɗi inda suke da ƙarfi, gari kuma yana koya musu su ɓoye.

Ta zauna. Sannan ta ce, "Bon. To ni ki kira. Ni ina da takarda, ni za ni kira su da wayata, in zo in tsaya bakin ƙofa. Wanda ke da tambaya ni za ya yi wa." Da za ta fita ta tsaya a baranda ta karanta lambar ƙofar sau uku, ta tafi tana maimaitawa har matsayar bas.

Kiran ya zo cikin Agusta, wata Talata da hantsi, tana ba tsohuwar Sedgefield shayi. Ta kira masu agaji nan take, ta faɗi adireshin da ba nata ba, ta tsayar da tasi. Kafin ta isa an riga an ɗauke shi. Ba ɗan sandan da ya zo, ba wanda ya tambayi takarda. Amma a asibiti Ousseina ta faɗa wa Nanret gaskiya, ta fi minti arba'in tana zagaye ɗaki da waya a hannu, tana shafa masa ruwa, tana cewa wataƙila zai farfaɗo, kafin ta iya kiran ko da Anti. Djibrilla ya rayu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ba ta fita.

Bayan an sallame shi wasiƙu suka fara zuwa daga asibiti, kowace da sunansu da lambar ƙofarsu a rubuce ɓaro-ɓaro. Wasiƙun ganin likita ne kawai, amma Ousseina in ta gan su sai ta tsorata. Ran wata Juma'a Anti ta je da kunun gyaɗa a fulas, ta iske labule a cire, ɗaki wayam. Maƙwabta suka ce wata farar mota ta zo ta kwashe su. Wasu sun ce Ohio, wasu sun ce ba su sani ba. Wayar Ousseina a kashe take har yau.

Na iske Anti a barandarta makon jiya, ƙafar a miƙe a kan bokiti. Ta rame. Ta ce, "Ni na kore su. Da ban sa an san ƙofarsu ba, da suna nan." Na ce da ba ki kira ba, da yanzu Ousseina na takaba. Ta ce ta sani. Ta ce abin da ke damun ta shi ne yanzu suna wani gida, a wani titi, da wata lamba a jikin ƙofa, kuma ba ta san ko akwai wanda ya san ta ba.

Anti Ramlatou, ba ke kika kore su ba, kuma ba ki yi aikin banza ba. Akwai gidaje a garin nan, na masu salla da na masu zuwa coci da na waɗanda ba mu san abin da suke bauta wa ba, da ake zaune ana cin abinci da mutumin da ya kamata a ce an binne shi tuni. Ba su san juna ba, amma duk sun hau matakalarki suna haki suna jin haushinki. A madadinsu, da madadin mu da muka kasa zuwa ranar da kika fito, mun gode. Allah ya jiƙan Seydou, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da abin da ba mu iya ba ki ba.

Mu kuma da muke da takarda da Turanci, ɗakin ƙasan nan ba zai sake buɗewa don mun yi baƙin ciki ba. Abin da ya rage mai sauƙi ne. Kowannenmu ya san wani gida da ake sauke labule da rana. Ka je ka yi sallama da ƙarfi, ka faɗi sunanka, ka ba su lambar wayarka, in za ka fito ka tsaya ka haddace abin da ke jikin ƙofar. Ka gaya musu kada su jira minti arba'in.

Ousseina, in wani ya karanta miki wannan a inda kike, ba mai tambayar ki garin. Tanti ta ce a gaya miki ki haddace sabon adireshin, ki gaishe da Djibrilla da jiki. Ta ce lambar wayarta tana nan yadda kika san ta, ba ta canja ba, kuma ba ta kashewa.